Alkamar Fadama da Fulawar Jirgin Ruwa

Duk wanda ya bi ta Tashar Dukku a cikin garin Gombe bayan sallar asuba, lokacin da direbobi suke ɗumama mota, 'yan kamasho suna ta kiran fasinja, zai tarar teburin mai shayi ya riga ya cika. An jera biredi hawa-hawa a cikin leda, kwalin Indomie na gefe an farke bakinsa, kaskon ƙwai yana ta ƙara a kan risho, can kuma wata yarinya ta ajiye bokitin fanke tana jiran masu saye. Kafin azahar mai taliya da wake za ta iso da manjanta da yajinta, da la'asar kuma 'yan makaranta su dawo gida da cincin a aljihu. Na daɗe ina wuce wannan teburi ba tare da na yi masa wani tunani ba, sai ranar da na zauna na lissafa cewa in aka cire ganyen shayi da sukari da madara da ƙwai, kusan duk abin da ke cika cikin mutanen nan daga hatsi ɗaya ya fito, wato alkama, kuma hatsin bai tsira a Kwami ko Dukku ko Nafada ba. A jirgin ruwa ya zo, aka sauke shi a Legas ko Fatakwal ko Kalaba, aka niƙa shi a can, sannan tirela ta kwana biyu ko uku a hanya kafin ya iso mana a buhun fulawa.

Shekara da shekaru ana yi mana alkawarin cewa Najeriya za ta ciyar da kanta da alkamar gida, kuma duk gwamnatin da ta zo sai ta sake ɗauko alkawarin ta raɗa masa sabon suna. Ni ban yarda wannan buri zai cika ba, kuma ina ganin yawan nanata shi yana ɗauke mana hankali daga abin da yake cikin ikonmu, wato mu noma alkama a inda take biya, a lokacin da take biya, domin kasuwar da take da ita tun kaka da kakanni, sannan mu gyara dawa da gero da masara yadda za su iya karawa da fulawa a madafa. Ba ƙin manoman alkama ya sa na faɗi haka ba, domin a gidanmu ma akwai su.

Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa da Borno. Sunan ma daga Larabci muka aro shi, kamar yadda muka aro alkaki da dashishi, abin da ke nuna cewa fatake ne suka ƙetaro da ita ta Sahara tun kafin Bature ya san hanyar Kano. Amma matsayinta a da daban yake da na yau. 'Yan fangaloli ake yi mata a bakin rafi ko gefen tafki, a ba ta ruwa da jigo ko da ƙwarya, a girbi abin da bai taka kara ya karya ba, kuma abincin da ake yi da ita na ranar girma ne, irin su alkaki da dubulan na garar amarya, ko funkaso da miyar taushe ranar salla ko ranar suna. Talaka ba ya karya kumallo da alkama, kokonsa da ƙosansa ko ɗumamen tuwon jiya sun ishe shi.

Ina tuna Goggo, ƙanwar mahaifinmu, a Jekadafari, da injin taliyarta na hannu wanda ake ɗaurewa a bakin benci. Takan aike mu kasuwar Tudun Hatsi mu auno alkama mudu biyu, ta zauna ta tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya a faifai, ta wanke, ta shanya, a kai inji, ta tankaɗe da rariyar laushi, sannan ta kwaɓa ta hau murzawa. Mu kuma aikinmu mu riƙa karɓar zaren taliyar muna ratayawa a igiyar shanya, muna korar kaji. Yini guda ake yi kafin a kai loma baki. Da tafiya ta yi tafiya ta koma sayen fulawa a mudu domin ta huta da tsinta da tankaɗe, daga baya kuma injin ya koma ƙarƙashin gado, saboda jikokinta sun fi son ta leda, wadda ake zubawa a tafasasshen ruwa a sauke bayan minti goma. A duk sauyin nan biyu ba ɗanɗano Goggo ta bi ba, domin har yau takan ce ta leda ba ta da ƙanshi. Hutun hannunta ta bi, da tattalin itacenta.

Fulawar kamfani ta kafu ne tare da samun 'yancin kai. A 1960 aka kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria, wanda ya fara niƙa a Apapa ta Legas a 1962, ya zama ana shigo da ƙwayar alkama, galibi daga Amurka, a niƙa ta a bakin teku. Da kuɗin man fetur suka bunƙasa a shekarun 1970, naira ta yi ƙarfi, birane suka cika da ma'aikata da leburori waɗanda ba su da mai yi musu surfe da daka, sai biredi ya zama abincin da ya fi kowane saurin samu. A daidai wannan lokaci gwamnati ta zuba maƙudan kuɗi a manyan ayyukan ban ruwa da niyyar noma alkama: madatsar Tiga da filayen Kadawa a Kano, Bakolori a tsohuwar jihar Sakkwato, da aikin kudancin Tafkin Chadi a yankin Marte, wanda aka tsara masa hekta dubu 67, amma tafkin ya janye ya bar magudanan a bushe. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun fitar da littafi a 1985 wanda ma'anar sunansa ita ce tarkon alkama, inda suka yi bayanin yadda ƙasar ta saba da abincin da ba za ta iya nomawa da araha ba, kuma shekaru arba'in ke nan ban ga abin da ya ƙaryata su ba.

A farkon 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta haramta shigo da alkama baki ɗaya, wanda shi ne gwaji mafi tsanani da aka taɓa yi. Noman ya ƙaru a jihohin Arewa, gaskiya ne, domin farashi ya yi kyau, amma bai kai ko kusa da abin da injinan niƙa suke buƙata ba. Fulawa ta yi wuya, ta riƙa shigowa ta bayan fage daga ƙasashen maƙwabta, kuma a farkon shekarun 1990 aka janye haramcin. Bayan haka an gwada cakuɗa garin rogo kashi goma cikin ɗari a zamanin Obasanjo, aka sake tayar da maganar biredin rogo a 2012 a zamanin Jonathan tare da ƙarin haraji a kan alkamar waje, Babban Bankin Najeriya ya shigo da iri daga Meziko a 2021, sannan a watan Nuwamban 2023 aka ƙaddamar da sabon shirin noman rani na alkama a Haɗeja ta jihar Jigawa, da rancen dala miliyan 134 daga Bankin Raya Afirka, inda gwamnati take biyan rabin kuɗin iri da taki. Tun da aka janye haramcin cin alkama ya ƙaru ƙwarai, musamman da Indomie, wadda ta shiga kasuwa a 1988, ta zo ta zama abincin ɗalibi da gwauro da uwar da yara suka matsa mata da dare.

Lissafin ne ba ya ƙarya. Najeriya tana cin alkama tsakanin tan miliyan 5 zuwa 6 a shekara. Da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fita ta auna abin da aka noma a jihohi 13 a 2021, har da Gombe da Bauchi, abin da ta samu bai wuce kimanin tan dubu 37 ba, Kano da Jigawa ne a gaba. Ko da an ɗauki hasashen da ya fi wannan karamci, wanda yake kai noman zuwa tan dubu ɗari da 'yan kai, bai wuce kashi biyu ko uku cikin ɗari na abin da muke ci ba. Mu ƙaddara kowane manomi zai samu tan uku a hekta, wanda ba kowa ke samu ba, to sai an shuka hekta kusan miliyan biyu kafin a rufe giɓin, kuma dukkansu na ban ruwa, dukkansu a cikin rani, dukkansu a Arewa mai nisa inda hunturu yake sauka sosai. Duk filayen ban ruwan da gwamnati ta gina tun daga 1970 zuwa yau, in an haɗa su wuri ɗaya, ba su kai ko kwata na wannan ba, kuma shinkafa da tumatir da albasa da masara suna cikinsu tuntuni.

Misalin da ya fi gamsar da ni shi ne Masar. Ƙasa ce mai Kogin Nilu, mai sanyin hunturu na gaske, wadda ta shekara dubbai tana noman alkama, manominta yana samun fiye da tan shida a hekta, kuma tana girbin kimanin tan miliyan 9 a shekara. Duk da haka tana cikin ƙasashen da suka fi kowa sayen alkama a duniya, tana shigo da sama da tan miliyan 10, har gwamnati ta riƙe farashin gurasar talaka a kan fiyasta biyar, wato kwabo biyar na kuɗin Masar, tun 1989, ba ta iya taɓa shi ba sai a watan Yunin 2024. Sudan ma tana noma alkama a Jazira da irin da yake jure zafi, amma da farashin gurasa ya ninka sau uku a Disamban 2018, daga garin Atbara zanga-zanga ta tashi, wadda ta ƙare da faɗuwar Umar al-Bashir a Afrilun 2019. Masu son su nuna mana cewa abin mai yiwuwa ne sukan kawo misalin Habasha, wadda ta fi kowace ƙasa noman alkama a kudu da Sahara, har ta yi shelar fara fitar da ita waje a 2023. Sai dai Habasha tana da tsaunukan Arsi da Bale masu sanyi, inda alkama take yi da ruwan sama kamar yadda gero yake yi a wurinmu, kuma ko alƙaluman da gwamnatinta take bayarwa masana na waje da yawa suna jayayya da su. Abin da muke da shi mai kama da wannan, a Jos da Mambila, ɗan kaɗan ne.

Mu sanyinmu na aro ne, kuma ba ya daɗewa. Alkama tana so a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, ta yi girma ta yi 'ya'ya a cikin hunturu, ta fitar da zangarniya ta cika ƙwaya kafin zafin Maris ya kankama. Wanda ya makara da mako uku ya yi asarar da taki ba zai mayar masa ba. Na ga wannan da idona a gonar Baffa, yayan mahaifinmu, wanda yake da ɗan fili a ƙasan madatsar Daɗin Kowa. Wata shekara ya shiga wani shirin tallafi, aka rubuta sunansa, aka ɗauki hotonsa, aka auna gonar da waya, ya gyara fangaloli tun kaka yana jira. Irin bai zo ba sai ƙarshen Disamba, takin kuma sai da aka shiga Janairu. Ya shuka duk da haka, tun da bashi ya riga ya hau kansa. Gonar ta yi kore shar, wanda duk ya wuce sai ya yi sha'awa, amma da zangarniya ta fito sai iskar ta juya, zafi ya sauka, ga tsuntsayen jan-baki kuma sun yi sansani a kan bishiyoyin gefe, yara suna ta kaɗa gwangwani daga safe zuwa magariba. Ranar casa na ɗebi ƙwayar a tafin hannuna, sirara ce, a motse, kamar wadda ta shekara a rumbu.

Na ce masa, "Baffa, ko irin ne ba shi da kyau?" Ya ce, "Irin lafiyarsa ƙalau, ɗana. Alkama ba ta jiran takarda. In sanyi ya wuce, ya wuce ke nan, sai baɗi." Ya ƙara da cewa abin da ya fi cin ransa shi ne man injin ban ruwa, domin alkama tana son ruwa kusan kowane mako har ta nuna, kuma ko ta yi ko ba ta yi ba, man da aka ƙona an ƙona. Wannan kuwa tun kafin a cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 ne, lokacin da farashin lita ya tashi kusan sau uku a cikin 'yan kwanaki. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma shirye-shiryen alkama da yawa sai tafiyar ta yi nisa sannan ake zuwa neman wuƙa.

Akwai kuma batun wanda zai saya. Niƙan fulawa a ƙasar nan ya taru a hannun kamfanoni ƙalilan, musamman bayan da Olam ya sayi Dangote Flour Mills a 2019, Flour Mills of Nigeria kuma ya sayi mafi yawan hannun jarin Honeywell a 2022. Manyan injinansu a bakin teku suke, an gina su ne domin jirgin da zai sauke dubban tan na alkama iri ɗaya, mai tsabta, mai danƙon da aka riga aka auna, daga Kanada ko Amurka ko Rasha ko ƙasashen Turai irin su Folan da Lituweniya. Alkamar Baffa kuwa buhu goma ce a nan, ashirin a can, iri daban-daban, an casa ta a ƙasa da sanda, da tsakuwarta da ƙaiƙayinta. Kafin a tara ta, a tsabtace, a yi mata tafiyar fiye da kilomita dubu zuwa Legas, ta sake dawowa a matsayin fulawa, kuɗin mota kaɗai ya cinye ribar. Ƙungiyar masu niƙa fulawa takan buɗe wuraren saye a jihohin Arewa, kuma wannan abin yabo ne, amma farashin da za ta iya biya ɗaure yake da farashin ta jirgi, ba za ta wuce shi da nisa ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne alkamar gida tana da masu sayenta waɗanda sukan biya fiye da kamfani. Matan da suke yin alkaki da funkaso na sayarwa, masu garar biki, masu tuwon alkama, masu ciwon sukari da suka koma cin ta da dusarta, duk 'yar gida suke nema a mudu, kuma sun san bambancinta da fulawa tun daga ƙanshi. Baffa bai taɓa sayar wa kamfani ba. Dillalai ne suke zuwa har gona, ko ya kai Tudun Hatsi da kansa, ya ɗan riƙe kuma in yana da hali, domin gab da azumi da lokacin bukukuwa takan yi daraja. Wannan kasuwa ƙarama ce in an kwatanta da ta biredi, amma tamu ce, ba ta jiran dala, kuma ba a cike ta ba tukuna.

Dalar kuwa ita ce inda abin yake ci mana tuwo a ƙwarya. Da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, ƙasashe biyu da suke fitar da fiye da kwata na alkamar da ake cinikinta a duniya, farashi ya yi tashin gwauron zabo, Indiya ma ta rufe ƙofarta ta hana fitarwa a watan Mayu na shekarar. Daga baya farashin duniya ya sauko, amma mu ba mu ji sauƙin ba, domin a Yunin 2023 aka saki naira, ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu a kan dala ɗaya, ta haura 1,500 a farkon 2024. Buhun fulawa mai kilo 50, wanda bai kai naira dubu 15 ba a 2020, ya wuce dubu 50 a 2024. Masu gidajen biredi suka shiga tsaka mai wuya, in sun ƙara kuɗi a guje su, in sun rage girma a zage su, yawancinsu kuma suka yi duka biyun. Wanda ya lura zai ga biredin mai shayi ya koma iska zalla, in ka matse shi ya shige cikin tafin hannu. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Sai ga shi a watan Yulin 2024, wata uku ko huɗu bayan manoman da aka ƙarfafa wa gwiwa sun girbe alkamarsu, gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da alkama da masara da shinkafa da wake na kwana 150. Ban ga laifin wannan ba sosai, domin yunwa ta yi tsanani a lokacin, kuma ba shugaban da zai zuba ido birane su rasa biredi saboda 'yan dubban manoma. Amma darasin da manomi ya ɗauka a fili yake: duk ranar da muradinsa ya ci karo da na mai sayen biredi, mai sayen biredi za a zaɓa. To, wanda ya san haka, da wane ƙarfin zuciya zai bar albasa da tattasai ya zuba duk jarinsa a alkama?

Shi ya sa nake ganin an fi mayar da hankali a gona, alhali a madafa aka ci mu da yaƙi. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi noman dawa a duniya, tana girbin tan miliyan 6 zuwa 7 a shekara, wato daidai ko fiye da alkamar da take saye, kuma da ruwan sama, ba injin ban ruwa, ba jiran hunturu. Gero da masara ma haka. Amma matar da take aiki a ofis a Gombe, ko mai koyarwa a Kumo, in ta dawo ƙarfe huɗu, mene ne zaɓinta? Dawa sai an surfa, an wanke, an shanya, an kai niƙa, an tankaɗe, sannan a tsaya a kan tukunya ana talge da tuƙi, ga gas da gawayi sun yi tsada. Taliya kuwa tana cikin leda, ba tsakuwa, ba ƙwari, tana ajiyuwa wata da watanni, kuma kowane ɗan kanti na lungu yana da ita. Ba za a ce wa wannan mata ta koma turmi don kishin ƙasa ba, wanda ya faɗa ma ba shi zai yi dakan ba.

Muna da shaidar cewa hatsin gida yakan yi nasara in an yi masa gata. Da aka hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin abin sha na malta sun koma ga dawa, suka sauya injinansu, kuma har yau suna sayen ta da yawa daga Arewa, ko da yake haramcin ya daɗe da wucewa. Shinkafa 'yar gida ma ta daɗe ana raina ta, ba don ɗanɗano ba, sai don tsakuwa, kuma da ƙananan injinan gyara da cire tsakuwa suka yawaita, har a nan Gombe, aka riƙa zuba ta a buhu mai tsabta, sai ga ta a gidajen da da ba sa kallon ta. Biredin rogo kuwa ya faɗi ne domin an yi ƙoƙarin tilasta wa rogo ya zama alkama, aka ɗora wa mai niƙa da mai gashi nauyin da ba su ga riba a cikinsa ba. Dawa ba ta da danƙon da yake sa kwaɓi ya tashi, ba za ta zama biredi ita kaɗai ba, kuma ba dole sai ta zama ba. Abin da take buƙata shi ne garin tuwo mai laushi da ba ya saurin ɗaci a ajiye, tsakin burabusko da aka riga aka turara aka busar, garin kunu da na fura da na masa waɗanda ake damawa nan take, a leda ƙarama ta kuɗin da talaka yake riƙewa a hannu da safe. Mata da yawa a Gombe da Bauchi sun riga sun fara wannan sana'a a cikin gidajensu, suna tallatawa a WhatsApp, abin da ya rage musu shi ne injin busarwa, da wutar da za ta tsaya, da hanyar samun rajistar hukumar NAFDAC ba tare da sun sayar da akuya ba. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya tana aiki a kan dawa, ta Tafkin Chadi da ke Maiduguri kuma gero ma yana cikin aikinta, ba alkama kaɗai ba. Da za a karkatar da ko da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da ake kashewa a kan shelar alkama zuwa wannan ɓangare, ina da yaƙinin za a fi rage jiragen da ke tsayawa a Apapa.

Za a iya ce mini, to ai ko kaɗan aka noma an rage dalar da za a fitar, kuma noman rani yana riƙe matasa a ƙauye maimakon su tafi ci-rani. Na yarda da wannan, kuma shi ya sa ban ce a daina ba. Madatsar Daɗin Kowa tana riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2.8 a kan Kogin Gongola, amma an shekara da yawa ruwan yana kwance, filin da magudanai suka kai wa kaɗan ne ƙwarai in an kwatanta da abin da aka tsara tun farko. Ga Balanga, ga fadamun Jama'are da Zaki da Itas-Gaɗau a Bauchi, inda sanyi ya fi sauka ma. In ruwa ya isa gona ta magudana ba tare da fetur ba, rabin matsalar manomi ta kau, ko alkama zai shuka ko wani abu, kuma shi ya fi kowa sanin wanne zai biya shi. Abin da jihohin Gombe da Bauchi za su iya yi wa alkama ba tare da jiran Abuja ba a bayyane yake: iri ya kasance a hannun manomi kafin Oktoba ta ƙare, wanda aka ninka a nan kusa maimakon a jira shi daga nesa, a samar da ƙananan injinan casa da na cire tsakuwa a wuraren da ake noman, a kuma taimaki masu ƙananan injinan niƙa su riƙa fitar da garin alkama 'yar gida a leda da sunanta, domin masu funkaso da masu tuwo. Wanda ya kasa kawo iri a kan lokaci, gara ya bar manomi da kuɗinsa da filinsa a wannan shekara, maimakon ya ɗaura masa bashi a kan sanyin da ya riga ya wuce.

Da na je gaishe da Baffa bayan kaka, na same shi yana shanya irin da ya ware da hannunsa daga girbin bara, wanda ya ajiye a jarka ya toshe bakinta saboda ƙwari. Ya ce bana rabin filin zai ba alkama, sauran rabin albasa, kuma da zarar hazo ya fara sauka a tsakiyar Nuwamba zai shuka, ko sunansa ya fito a takarda ko bai fito ba. Matan da suka saba saye a wurinsa daga Deba da cikin Gombe sun riga sun aiko a ajiye musu buhu shida.